Ka Ƙyale Tamostat, Ba Shi Ya Kashe Zomon Ba

Ka ce motar yayanka, BMW Z3 mai silinda shida, tana nan ajiye a gida, kuma duk bayan sati biyu ko uku sai ta ɗau zafi. Ka canza tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, sau biyu, ruwa yana raguwa amma ba ka ga inda yake ɗiga ba. Shi ne kake tambayata, "Maigida, in sake sayo wani tamostat ɗin ne? Ko na baya jabu ne?"

Kai yaro, tamostat na uku? Shekara biyu kana miƙo mini sifana, abin da ka koya ke nan? Halin yaran yanzu ne. Ku ɗauki waya, ku kalli wani yana kwance abu cikin minti biyar, sai ku ruga ku sayo irinsa ku ɗaura, in bai yi ba ku sayo na kusa da shi. A zamaninmu sai ka faɗa wa maigidanka dalilin da ya sa kake zargin abu kafin ya bari ka taɓa noti ɗaya, in ka kasa kuwa ka koma wankin kaya.

Motar nan an daina yin ta tun 2002, an kuma fara ta a 1995, ka ga ko autar cikinsu ta haura shekara ashirin. Rabin hanyar ruwanta roba ce: kunnuwan lagireto, tankin ruwa, gidan tamostat, har fuka-fukin famfon ruwa a wasu. Robar da ta shekara ashirin tana dahuwa tana hucewa ta gama aikinta, taɓa ta kaɗan sai ta ruɓushe a hannunka. Saboda haka duk wanda ya san motocin nan, in zai taɓa ruwansu, gaba ɗaya yake sabuntawa lokaci guda. Yadda ake juye ruwa da yadda ake cire tiyo ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya ajiye sana'ar.

Abin da ya sa na zauna nake ba ka amsa, maganar nan da ka yi ce ta ruwan da ke ɓacewa ba a ganin sawunsa. Ta tuna mini da wani mutum da har yau in na ga Z3 mai launin azurfa sai raina ya ɓaci.

Ya kawo mini ita da kansa, fes, ko ƙura babu. Ya ce ruwa ne kawai take ɗan sha. Na tambaye shi, ta taɓa tafasa? Ya dafa ƙirji ya rantse bai taɓa ganin allurar ta wuce tsakiya ba. Babban mutum ne da furfurarsa, sai na ji kunyar in ƙaryata shi. Ina da kwalbar gwajin hayaƙi a kan kanta, aikin minti goma, amma ban ɗauko ba. Na ga lagireto ya tsage a kunne, na ce ai ga ɓarawon nan. Na sa sabon lagireto, sabon famfo, sabon tamostat, sababbin tiyo, ya tafi yana sa mini albarka. Kuɗi kuma ya ce sai ya gwada ta tukuna.

Kwana goma sha biyu ya dawo, fuska a murtuke, wai na lalata masa mota. Sai a lokacin na ɗora kwalbar a bakin tanki. Ruwan gwajin shuɗi ne, in hayaƙin inji yana shiga cikin ruwa sai ya koma rawaya. Ko minti ɗaya bai yi ba ya juye. Na cire fulogi, biyar da ɗan baƙinsu na al'ada, ɗaya kuwa fari tas kamar an wanke shi da sabulu, tururi ne ya wanke shi. Gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan da bulok (gangar jikin injin) tana raba ruwa da hayaƙi, ya ƙone.

Na ce ba komai, aiki ne da na yi ba sau ɗaya ba. Na sauke kan, na kai aka goge shi ya daidaita, na sayo sabon gasket da sababbin kusoshi goma sha huɗu, don irin waɗannan suna miƙewa in an ɗaure su, ba a maimaita su. Ɗaurin nasu mataki uku ne: ka kai su 40 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ka juya digiri 90, ka ƙara juya wani 90. Na gama zagaye na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku, ina jan wata kusa ta tsakiya, sai na ji hannuna ya tafi sakayau kamar na tura ƙofar da ba a kulle ba. Wallahi sai da gumi ya karyo mini. Na zaro ta, ga zaren bulok ɗin nan ya naɗe a jikinta kamar waya. Bulok ɗin injin nan na alminiyam ne, in ya sha mugun zafi ƙarfen yana yin laushi, zaren ba ya iya riƙe kusa. Kafin in gama, huɗu sun fita.

Injin da bai taɓa tafasa ba ba ya yin haka. Na kwance tiyon hita, sai ga wani kauri mai ruwan ƙasa yana fitowa, irin maganin toshe yoyon da ake zubawa a lagireto, ba kwalba ɗaya ba kuwa. Yaron da ke wanke masa mota ne ya faɗa mini gaskiya ba tare da ya san abin da yake faɗa ba: ashe wata biyu kafin ya zo wurina ta tafasa masa a doguwar hanya, ya ƙi tsayawa, ya ja ta da allura a ja har gida, sannan ya kwara mata ruwan sanyi tana huci. Ya san kan injin ya tafi. Neman wanda zai rataya wa ya zo yi, ni kuma na miƙa wuya.

Ya tara mini mutane a bakin gareji yana cewa lafiyayyen inji ya kawo, hannuna ne ya kashe shi. Da me zan kare kaina, tunda ban gwada ba ranar da ta shigo? Na sake sauke kan, na huda ramukan nan goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, na dasa musu sabon zare na ƙarfe, na sake sayen gasket da kusoshi daga aljihuna. Kwana tara ina kanta, na kori ayyuka uku masu biya. Ranar da ta tashi tana kaɗawa sumul, ya ce bari ya zaga da ita ya dawo. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jiran zagayen nan. Daga baya na ji ya sayar da ita yana yabon injinta.

To kai yanzu, kada ka tambayi yayanka ko ta taɓa tafasa, ko ya faɗi gaskiya ba lallai ya sani ba. Allurar zafin motocin nan an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafi yana hawa yana sauka, sai abu ya yi nisa take motsi. Motar za ka tambaya. Bar ta ta kwana, da safe kafin a tayar ka matsa babban tiyon sama. In ka ji shi tauri kamar taya mai iska alhali injin da sanyi, hayaƙi yana shiga ruwa. Zo ka ari kwalbar gwajin da famfon matsi, ka kuma dawo mini da su, ba irin sifana mai lamba goma da kuka cinye ba. Ka matsa mata iska tana sanyi ka zauna ka kalli agogon. In ya sauka kuma ƙasa a bushe, duba kafet ɗin gaba ko ya jiƙe daga hita, sannan ka cire fulogi ka haska cikin silinda.

In duk wannan ya fita lafiya, ka yi hamdala, sai ka lura da lokacin da take zafin. Wadda ke zafi a tsaye ta huce in an kama hanya, fanka ce ba ta kamawa. Wadda ke lafiya a tsaye ta yi zafi in an taka, ruwa ne ba ya gudu, ko lagireto ya toshe ko fuka-fukin famfo suna zamewa a kan sandarsu, kuma sau da yawa za ka ji hita tana busa sanyi. Ina kuma zargin duk sau biyun nan da ka canza tamostat ba ka fitar da iska yadda ya kamata ba. Ɗaga gabanta sama, kunna hita zuwa ƙarshe, sassauta ƙaramin notin fitar da iska, ka riƙa zuba ruwa a hankali har ya fito ba kumfa. Notin nan roba ne, da yatsu biyu ake ɗaure shi, kada ka nuna masa ƙarfin tuwo.

In kuwa ruwan gwajin ya koma rawaya, ka ajiye sifana, kada ka kuskura ka sauke kan injin nan a tsakar gida kai kaɗai. Ka kira ni in zo in ji ƙarfin zaren da hannuna, kuma yayan naka ya tsaya a wurin yana gani tun daga kusa ta farko.