Amsa ga mai son barin birni ya koma noma

Wani ma'aikaci da ya daɗe a birni ya aiko da tambaya cewa yana son ajiye aiki ya sayi gona domin ya riƙa ciyar da iyalinsa da abin da ya noma, kuma yana son sanin ko hekta ɗaya za ta ishe shi.

Malam, shawarata ta farko ita ce kada ka ajiye aikinka sai ka noma damina guda cikakkiya a gonar haya ko ta aro. Gona ba ta biyan albashi a ƙarshen wata. Masara tana ɗaukar wata 3 zuwa 4 kafin girbi, kuma duk tsawon wannan lokaci kuɗi fita kawai suke yi, na iri da taki da masu noma, saboda haka ka tanadi abin da zai riƙe gida na shekara guda kafin ka tashi.

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kuma wanda bai saba da fartanya ba yakan gane girmanta ne ranar da ciyawa ta taso ta rufe shuka a mako guda. Ga mai farawa, rabinta ma ya isa gwaji. Abin da ya fi faɗin fili muhimmanci shi ne ruwa da ƙasa. Ka ziyarci filin sau biyu kafin ka biya: da damina, domin ka ga inda ruwa ke kwanciya da yadda hanya take, sannan da rani, domin ka ga ko rijiya tana ƙafewa. Ka ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban, zurfin kamar santimita 20, a kai ta gwaji. Ka kuma haɗa hatsi da wake, domin saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Kiwo kuwa ka fara da kaɗan, domin dabba ba ta san ranar hutu ba. Kaza takan fara ƙwai ne tana da kimanin wata 5.

Inda sababbin manoma suka fi yin asara shi ne wajen ajiya. Ka shanya hatsi har ya zamana idan ka ciji ƙwaya ta fashe da ƙara, sannan ka jera buhuna a kan katako, ba tare da sun taɓa ƙasa ko bango ba, ka kuma riƙa duba su saboda ƙwari da ɓeraye.