Tambaya da Amsa: Ina baƙo zai nufa idan ya sauka a Mumbai?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga birnin Mumbai na ƙasar Indiya, wanda manyanmu suka fi sani da Bombay, sunan da aka sauya a hukumance a shekarar 1995. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Zan raka mahaifina Mumbai domin a yi masa aikin gwiwa, kuma an gaya mana za mu yi makonni kafin a sallame mu. Ina zan iya zagayawa a ranakun da ƙanena ya karɓe ni a wajen jinya? Kuma ko zan samu in ga Taj Mahal? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Bari mu fara da tambayarka ta biyu, domin mutane da yawa suna rikicewa a kanta. Taj Mahal ɗin da kake gani a hotuna, farin ginin nan mai ƙubba, yana garin Agra ne a arewacin ƙasar, fiye da kilomita 1,000 daga inda za ku sauka, don haka ba tafiyar da mai jinya zai yi ya dawo a wuni ɗaya ba ce. Abin da ke Mumbai mai irin wannan suna otal ne, Taj Mahal Palace, wanda attajirin nan Jamsetji Tata ya gina aka buɗe a 1903, kuma shi ne ɗaya daga wuraren da 'yan bindiga suka kai wa hari a watan Nuwamba na 2008.

Abin da ya kamata ka fara sani game da birnin shi ne siffarsa. Asalinsa tsibirai bakwai ne da aka yi ta cike tsakaninsu da ƙasa har suka haɗe, shi ya sa ya fito siriri mai tsawo daga kudu zuwa arewa, teku na dama da hagu, kuma kowa yana bin hanyoyi ƙalilan ne a lokaci guda. Wanda ya ce zai ga kudu da arewa a rana ɗaya, a cikin mota zai ƙare wuninsa. Shawararmu ita ce ka ware wa kowane yanki ranarsa, ka kuma fara da kudu, inda tsohon gari yake.

A can ƙarshen kudu, a unguwar Colaba, akwai Ƙofar Indiya, wata babbar ƙofar dutse mai tsayin mita 26 da ke fuskantar teku, daura da otal ɗin da muka ambata. An gina ta ne domin tunawa da ziyarar Sarkin Ingila George na Biyar a 1911, aka kammala a 1924, kuma ta nan rukunin ƙarshe na sojojin Ingila suka fice a 1948 bayan Indiya ta samu 'yancin kai. Yadda Turawan Ingila suka mallaki wurin tun farko ma abin a ji ne: Turawan Fotugal ne suka haɗa tsibiran cikin garar 'yar sarkinsu da aka aurar wa Sarki Charles na Biyu a 1661, shi kuma ya bayar da su haya ga kamfanin cinikin Gabashin Indiya a kan fam 10 a shekara. Ka je da sassafe kafin 'yan hoto da masu talla su cika filin.

Daga bakin wannan ƙofa ake shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Elephanta, tafiyar kamar awa ɗaya, inda aka fafe dutse aka yi ɗakunan bauta na addinin Hindu fiye da shekara dubu da suka wuce. Mafi shahara a ciki shi ne sassaƙen Shiva, ɗaya daga abubuwan bautar mabiya Hindu, mai fuska uku, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita shida, kuma hukumar UNESCO ta saka wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Ba a buɗewa ranar Litinin, akwai matakala fiye da ɗari kafin a kai sama, sannan birran wurin ba su da kunya, suna fizge abinci da gorar ruwa daga hannun mutum. Idan Baba ya fara takawa ya nuna sha'awar fita, wannan ba wurinsa ba ne.

Wurin da ya dace da mai murmurewa shi ne titin Marine Drive, wanda ya lanƙwashe tare da bakin teku na tsawon fiye da kilomita uku. Tasi za ta iya ajiye ku daidai gefen dakalin da ke bin titin, ku zauna bayan La'asar ku sha iska har rana ta faɗi a cikin teku, ba tare da an nemi ko sisi a hannunku ba. A ganinmu duk cikin birnin babu inda ya kai nan sauƙi da daɗi.

A wata ranar kuma ka leƙa babbar tashar jirgin ƙasa ta Chhatrapati Shivaji Maharaj, wadda a da ake kira Victoria, ginin ƙarshen ƙarni na 19 da ya fi kama da fada. Daga wannan wuri ne, tun kafin a yi ginin, jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi zuwa garin Thane a 1853. Jiragen cikin gari suna ɗaukar mutane fiye da miliyan bakwai kowace rana, don haka kada ka kuskura ka gwada su da safe lokacin fita aiki ko da yamma lokacin tashi. Ka bari sai tsakar rana, ka sayi tikitin tarago mai daraja ta ɗaya. Idan ka sauka a tashar Mahalaxmi ka tsaya a kan gada, za ka hango Dhobi Ghat, filin da ɗaruruwan masu wanki da guga suke aiki a kwamin siminti tun 1890, suna wanke kayan otal-otal da na gidaje. Ka kuma lura cewa keke mai ƙafa uku, irin adaidaita-sahu, ba a yarda ya shiga kudancin birnin ba. A can sai tasi mai launin baƙi da rawaya, kuma ka tabbatar direba ya kunna mita kafin ya ja.

TAMBAYA: Ni da maigidana za mu je sarin kaya. Ina jin tsoron matsalar abinci na halal da wurin sallah. Kuma mene ne gaskiyar masallacin nan da ake cewa yana tsakiyar teku? Daga wata Hajiya a Damagaram.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na mazauna Mumbai Musulmi ne, kuma unguwannin da 'yan kasuwa suka fi zirga-zirga a cikinsu, wato titin Mohammed Ali da Bhendi Bazaar da kewayen kasuwar Crawford, cike suke da masallatai da gidajen abinci na Musulmi. Babban masallacin Juma'a yana nan kusa da kasuwar, haka ma kasuwar yadi ta Mangaldas da ta gwal ta Zaveri, duk ana iya zagaya su da ƙafa. Idan tafiyarku ta faɗo cikin azumi, layin da ke gaban masallacin Minara yana cika da masu gasa nama da masu kayan zaƙi tun daga buɗa-baki har kusan sahur. Jihar Maharashtra, inda Mumbai take, ta hana yanka shanu, dokar da aka ƙara tsaurarawa a 2015, don haka jan naman da za a kawo muku galibi na akuya ne ko na ɓauna, ga kuma kaji da kifi. Ki riƙa cewa a rage yaji, ki kuma tsaya a kan ruwan gora wanda ba a ɓalle murfinsa ba.

Abu biyu za su ba ki mamaki a wajen sallah. Alƙibla a can yamma take kallo, wajen faɗuwar rana, sannan galibin masallatan na bin mazhabar Hanafiyya ne, saboda haka ana kiran La'asar a makare fiye da yadda kika saba. Ba kowane masallaci ne yake da sashen mata ba, don haka Alhaji ya riƙa tambaya tukuna.

Wurin da kika ji labari shi ne Haji Ali, kuma da gaske a cikin teku yake, a kan wani ɗan tsibiri kusa da unguwar Worli. Hubbare ne da masallaci na wani bawan Allah mai suna Haji Ali Shah Bukhari, wanda ake cewa attajiri ne daga Bukhara da ya rabar da dukiyarsa ya koma ga ibada, kuma ana danganta ginin farko da shekarar 1431. Siririyar hanya ce ta haɗa shi da gaɓa, wadda ruwa kan shafe idan teku ya ciko sosai, sai a rufe ƙofa har ya janye. Saboda haka ku tambayi lokacin janyewar ruwa a masaukinku kafin ku kama hanya. An taɓa hana mata shiga inda kabarin yake, amma babbar kotun Bombay ta soke hanin a 2016. Ranakun Alhamis da Juma'a sun fi cika, kuma a nan ake jin mawaƙan bege irin nasu da ake kira ƙawwali. Za ki ga Musulmi da mabiya Hindu suna ɗaura zare suna shafa kabari, abin da malamai suka yi saɓani a kansa a can kamar yadda suka yi a nan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana iya yin sallarsa a masallacin, ya kalli ginin, ya fito.

TAMBAYA: Tun ina yaro nake kallon finafinan Indiya. Idan na je Mumbai zan iya shiga inda ake shirya su, in gaisa da jarumai? Daga wani matashi a Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa, shiga dai mai yiwuwa ne, gaisawa kuwa sai an yi babbar sa'a. Babban sansanin shirya finafinai, wanda aka kafa a 1977 aka kuma raɗa masa sunan Dadasaheb Phalke, uban sinimar Indiya, yana unguwar Goregaon a arewacin birnin. Ba a shiga haka kawai. Sai ka yi rajista da masu zagayawa da baƙi, su ɗauke ku a bas su nuna muku gidaje da kotuna da wuraren bauta na kwaikwayo, waɗanda da yawansu fuska ce kawai ta katako da filasta. Wasu kan dawo ransu a ɓace saboda sun zaci fadojin da suka gani a fim na gaske ne. Masoya kan taru a ƙofar gidan Shah Rukh Khan da ke bakin teku a Bandra su ɗauki hoto, sannan Amitabh Bachchan ya daɗe da al'adar fitowa ƙofar gidansa a Juhu ranar Lahadi da yamma ya ɗaga wa jama'a hannu idan yana gari. Mu dai da za ka bi tamu, da ka sayi tikiti ka shiga ɗaya daga tsofaffin gidajen sinima na kudancin birnin, irin su Regal ko Maratha Mandir, ka kalli fim tare da mutanen gari suna tafi suna fito, domin wannan ne abin da ba za ka samu a waya ba. Tunda kuma ka riga ka je arewa, gandun dajin Sanjay Gandhi yana gaba kaɗan a Borivali, inda akwai ɗakunan mabiya Buddha fiye da ɗari da aka sassaƙa a jikin dutsen Kanheri.

TAMBAYA: Wane lokaci ne ya fi dacewa da zuwa, kuma ana iya wanka a tekun? Daga wani ɗalibi a Kumasi.

AMSA: Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne iska ta fi sauƙi. Afrilu da Mayu akwai zafi mai gumi, sannan damina tana sauka daga Yuni zuwa Satumba da ƙarfin da kan tsayar da jiragen ƙasa ya kuma hana jiragen ruwa zuwa Elephanta. A ranar 26 ga Yulin 2005 an auna ruwan sama milimita 944 cikin awa 24 a wani sashe na birnin. A watan Agusta ko Satumba kuma ana bikin Ganesh na kwana goma, inda ake rufe tituna da dama saboda jerin gwanon masu kai gumaka teku. Wanka kuwa ba mu ba ka shawara ba, domin ruwan gaɓar Juhu da Chowpatty ba shi da tsabta kuma yana da ja. Mutanen gari ma yawo da cin kayan ƙwalama suke zuwa yi. Kafin ka tashi ka tabbatar katinka na rigakafin shawara yana hannu, domin hukumomin Indiya suna neman sa daga duk wanda ya fito daga Gana ko Najeriya ko Nijar, kuma wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana shida.