Ziyarar ƙauyuka a ayari daga Sakkwato

Malam, ka ce ku goma sha biyu ne za ku zaga Degel, garin da Shehu Usman Ɗan Fodiyo ya zauna, da kufan Surame, tsohon babban birnin Kabi, a mota, kana tambayar shiri.

Ku tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da damina hanyar burji takan caɓe, bas mai ƙasa-ƙasa sai ta kafe. A Afrilu kuwa zafi ke tafasa ruwan lagireto. Ku ɗauki motoci biyu, in ɗaya ta lalace ɗaya ta nemo bakanike. Kowace da safaya, jak, igiyar ja da jarkar fetur. Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a yini, da tsabar kuɗi, don sabis yakan ɗauke.

Da isarku ku fara gaida maigari da ɗan goro, shi zai haɗa ku da ɗan rakiya. Maza kada su wuce zaure. Hoton mata kuma sai da izini. Rigima ta fi tashi daga nan.

Ku tambayi direbobin tasha halin tsaro ranar tafiya, ku bar yankin Isa da Sabon Birni, ku dawo gari kafin magariba.