Muryar da aka tura wa 'yan wasan jifan faifai cikin kwando (disc golf): amsa kan jifan tsaye

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari muryarka, na kuma kalli bidiyon da ka turo. Ka ce in ka tsaya wuri ɗaya ka yi jifa, faifan ba ya wuce tsakiyar filin ƙwallo, wato mita 50 ke nan ko ƙasa da haka, kana so a koya maka takun gicciyen nan da ake yi kafin a saki, ko nisan zai ƙaru. To ni dai shawarata, bar takun nan tukuna. Duk abin da ya lalace a tsaye, in ka ƙara masa gudu sai ya ƙara lalacewa, ga shi kuma ba za ka gane inda matsalar take ba.

Bari in fara da abin da na gani a bidiyon. Da hannu kawai kake jifa. Ƙugunka na nan daram, ƙafafu a jere, ido a kan bishiyar da kake auna tun daga farko har ƙarshe. Ai shi hannu shi ne na ƙarshe a layi. Ka taɓa zuwa gidan dambe? Ka dubi ɗan damben da ya iya, naushin da ke kai mutum ƙasa daga ƙafar baya yake tasowa, ya bi ƙugu, ya hau kafaɗa, dunƙulen isar da saƙo kawai yake yi. Haka jifan faifai yake, sak.

Tunda da hannun dama kake jifa, kuma da bayan hannu, ga yadda za ka tsaya. Kafaɗar dama ta kalli inda kake so faifan ya je. Buɗa ƙafafu su ɗan fi faɗin kafaɗunka, sannan ka ja ta hagu baya kaɗan, yatsunta su daidaita da diddigen ta dama. Wannan ɗan jan shi ke ba ƙugu hanyar juyawa. Kada yatsun ƙafar gaba su kalli kwandon da ake jefa faifan ciki, a gicciye za ta tsaya. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka ɗan sunkuya daga kwankwaso, kar ka miƙe ƙiƙam.

Sai komawa baya. A nan mutane da yawa suke ɓata abin, sai ka ga mutum ya miƙa hannu can baya iya ƙarfinsa, ya karkata har kansa ya wuce ƙafar baya. A'a. Kafaɗu za ka murɗa, har bayanka ya kusa kallon inda za ka jefa, hannu ya bi su da kansa. Ɗauke ido daga kan bishiyar, ba guduwa za ta yi ba. Nauyinka ya zauna a cikin ƙafar hagu, ta ɓangaren babban yatsa, kar ya zube ta waje.

Yanzu ga wurin da nisan yake, ka kasa kunne sosai. Kafin hannu ya motsa, nauyi ya riga ya koma ƙafar gaba. Ka ji? Diddigen dama ya sauka ƙasa, ya kafu, sannan hannu ya taso. In hannu ya riga ƙafa tashi, shi ke nan, ka yi asarar ƙarfin jikinka duka, abin da ya rage na damtse ne, kuma damtse bai da yawa. Ita ƙafar gaban nan birki ce. Jiki ya taho gaba, ta tare shi, sai wannan ƙarfin ya rasa inda zai je, dole ya juye ya zama juyawar ƙugu. Ƙugu ya ja kafaɗa, kafaɗa ta ja gwiwar hannu. A bidiyonka gwiwar ƙafar dama tana durƙushewa gaba, kana faɗawa kanta, shi ya sa bayan ka saki kake tuntuɓe kamar an tura ka. Wanda ya kafa ƙafar da kyau, in ya gama jifa zai iya tsayawa a kan ƙafa ɗaya yana kallon faifansa har ya sauka.

Gwiwar hannu kuma ita ke gaba, a ɗage, nesa da haƙarƙari. Faifan ya ratso kusa da ƙirji a miƙe, ya iso wajen nonon dama, hannu a lanƙwashe, sannan ya warware. Kai kuwa naka zagaye yake yi, yana bi ta bayan jikinka, sai jikin ya tare masa hanya, shi ya sa wani ya tafi dama, wani hagu. Kuma ba kai za ka buɗe yatsu ka saki ba. Riƙe shi da yatsu huɗu a ƙarƙashin baki, babban yatsa a sama, gudun ne zai fizge shi. Bayan ya fita kar ka taka wa jikin birki, bar hannun ya zagaya, ka juya a kan diddige. In ƙafar ta maƙale a ƙasa, gwiwa ce za ta biya kuɗin, ballantana ga masu zuwa fili da silifas.

Akwai wani abu da ya fi duk wannan sauƙin gyarawa, shi ne bakin faifai, wato gefensa da ke gaba in yana tafiya. Naka yana fita baki a sama, shi ya sa yake tashi sama, ya tsaya cak, ya zube hagu. Iska ce ke dukan cikinsa. Sunkuyar da wuyan hannu ƙasa kamar za ka zuba ruwa daga buta, bakin ya yi ƙasa kaɗan. Wannan kaɗai zai ƙara maka nisa ba tare da ka ƙara ƙarfi ba.

Sannan faifan da kake amfani da shi ya fi ƙarfinka a yanzu. Na ga lambar farko a jikinsa 12 ce. Lambobin nan huɗu da kamfanin Innova ya yaɗa, ta farko gudu ce, sai shawagi, sai karkata, sai faɗuwar ƙarshe. Mai 12 ko 13 sai hannu mai tsananin gudu, in ba haka ba da wuri zai kife hagu. Ɗauki mai 2 ko 3, ko na tsakiya mai 4 ko 5. Waɗannan ba sa rufa wa mutum asiri, kuskurenka a fili za ka gan shi a tafiyarsu. Nauyi kuma, dokar PDGA, hukumar da ke kula da wasan, ba ta yarda faifai ya wuce giram 200 ba, yawancin na kasuwa 165 zuwa 175 ne. In ka samu mai kusan 160 zai fi maka daɗi.

Wanda ya turo labarin jifan mita 338, gaskiya ne, David Wiggins ƙarami ne ya yi shi a 2016 a hamadar Nevada ta Amurka, amma da taimakon iska mai ƙarfi ƙwarai, kuma ba a tsaye ya yi ba. Kar ya hana ka barci. A wasa na gaske ma sau da yawa faifai kan faɗa gindin bishiya ko kan tudu inda babu wurin taku, dole a tsaye za ka jefa.

Tunda an ambaci iska, hunturu na tafe, tamu daga arewa maso gabas take busowa. In ka jefa kana fuskantarta, faifan zai ɗaga kuma ya kife dama, in tana bayanka zai yi saurin faɗuwa. Saboda haka kar ka auna nisanka ta ɓangare ɗaya, jefa ka tafi, jefa ka dawo. Ka fara da rabin ƙarfi, ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta gefe da kuma ta baya, wayar a daidai ƙugu. Ranar da faifan tsakiya ya fara kai maka mita 70 a miƙe kana tsaye, sai mu yi maganar taku ɗaya.

Asabar bayan La'asar muna fili in Allah ya kai mu. A zo da takalmi mai igiya, kuma don Allah wanda jan faifan nan ke hannunsa ya taho da shi.