Amsa: Shin duk mayaƙan Shi'a 'yan amshin shatan Iran ne?

Malam, ka tambaya ko duk ƙungiyoyin nan umarnin Tehran kawai suke jira. Gaskiya ba a taru an zama ɗaya ba.

Hizbullah ta Lebanon ita ce 'yar gida. Dakarun juyin juya halin Iran ne suka horar da mayaƙanta na farko a kwarin Bika'a bayan Isra'ila ta mamaye Lebanon a 1982. Hasan Nasrallah, shugabanta na lokacin, da bakinsa ya faɗa a 2016 cewa kuɗinsu, abincinsu da makamansu daga Iran suke zuwa. Nan ba a ɓoye komai ba.

Iraƙi ce ke rikita mutane. Da Da'esh (ISIS) ta kama Mosul a Yunin 2014, babban malamin Shi'a na Iraƙi Ayatullahi Sistani ya yi fatawar a fito a yaƙe ta, matasa suka yi tururuwa, aka kafa Hashdus Sha'abi, gamayyar mayaƙan sa-kai. A cikinta akwai irin su Kata'ib Hizbullah, waɗanda jagoransu Abu Mahdi al-Muhandis yana mota ɗaya da kwamandan Iran Ƙasim Sulaimani lokacin da jirgin Amurka mara matuƙi ya kashe su kusa da filin jirgin Bagadaza ranar 3 ga Janairun 2020. Akwai kuma rundunonin da ke kallon Najaf, mazaunin Sistani, ba Tehran ba, ga malamin Shi'a Muƙtada Sadr da ya sha nuna shi ba yaron kowa ba ne. Abin mamaki, gwamnatin Iraƙi ce ke biyan mayaƙan Hashdus Sha'abi albashi.

'Yan Husi na Yaman kuwa Zaidiyya ne, wani reshe na Shi'a, aƙidarsu ma ta bambanta da ta Iran. Makamai dai suna samu daga Iran, amma rikicinsu daga Sa'ada da ke arewacin Yaman ya taso tun 2004.