Amsa: An kama ni da sata a Rattay, in sake wasan daga farko?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kana buga wasan bidiyo na Kingdom Come: Deliverance na farko, ka shiga shagon mai sayar da sulke na garin Rattay da dare, ƙarfen buɗe kwaɗon ya karye a hannunka, mai gadin shagon ya ji ya yi kururuwa, ka zura da gudu, a hanya kuma ka kai wa dogari naushi. Yanzu mutanen gari na jifanka da baƙar magana in ka wuce, 'yan kasuwa sun tsauwala maka, ga shi wurin da ka ajiye wasan na ƙarshe ya kai awa huɗu baya. Tambayarka ita ce ko ka goge komai ka faro daga Skalitz, garin da labarin wasan ya fara.

Kada ka goge. Kada ma ka koma waccan ajiyar ta awa huɗu. Abin da ya same ka yana gyaruwa a cikin wasan, kuma na faɗa da bakin wanda ya bi hanyoyin biyu.

Na fara buga gem ɗin nan a PS4, ba da daɗewa da fitowarsa a Fabrairun 2018 ba. Karona na farko a shagon tela ne na Rattay. Aka gan ni, na gudu, dogari ya tare ni a ƙofar gari, na zare takobi. Kafin in ankara na kashe shi, wasu biyu suka rufar mini. Na tsira da ƙyar, amma garin gaba ɗaya ya juya mini baya. Na koma tsohuwar ajiya, aikin yini guda ya tafi a banza, har da horon da na sha a hannun Kyaftin Bernard, shugaban dogaran Rattay. Karo na biyu a ƙauyen Ledetchko ne, wajen yankan aljihu. Wannan karon ana kama ni na tsaya cak. Na biya tara, aka karɓe abin da na ɗauka, na tafi. Bayan 'yan kwanaki na cikin wasan na dawo, aka yi ciniki da ni kamar ba a yi komai ba. A nan na gane cewa satar kanta ba ita ke kashe suna ba, abin da mutum ya yi a mintin da ya biyo bayan kamun shi ne. Kai ma naushin nan ya fi karyewar ƙarfen tsada nesa ba kusa ba.

Ka fara da buɗe shafin Henry, jarumin da kake bugawa da shi, ka duba wurin da aka jera sunansa a garuruwa. Za ka ga Rattay daban, Talmberg daban, Uzhitz, Sasau, Ledetchko, Neuhof, kowanne da lambarsa. A cikin garin ma an raba: talakawan gari, dogarai, 'yan kasuwa, kowane rukuni da yadda yake kallonka. Warhorse, kamfanin birnin Prag da ya yi wasan, ya gina shi ne a kan Bohemiya ta shekarar 1403, zamanin da labari ke tafiya a ƙafa ko a bayan doki. Saboda haka abin da ka yi a Rattay bai isa Sasau ba. Ba duniyar ce ta tsane ka ba, gari ɗaya ne, kuma a garin ma wataƙila dogarai ne suka fi riƙe ka. In ka ga lambobin da idonka hankalinka zai kwanta.

Yanzu ga abin yi. Kafin ka sake taka ƙafa cikin Rattay, ka raba jikinka da duk wani kaya mai alamar jan hannu, wato kayan sata. In ka samu doki, zuba su a jakar sirdi, dogarai ba sa bincikar ta. In babu, ka kai su akwatinka da ke gidan niƙan Peshek, wanda yake wajen ganuwa, gefen kogi. Ka duba da kyau, don sau da yawa mutum yana sanye da takalmi ko hular da ya ɗauko tun tuni ya manta. Daga nan ka wanke jiki a kwamin ruwa, ko ka biya a gidan wanka a wanke maka tufafi, ka sa mafi kyawun kayanka na halal. Sannan ka shiga gari da rana tsaka, takobi a kube, ka bar dogari ya tare ka.

Zai ba ka zaɓi: tara, kurkuku, ko ka kare kanka da baki. Na bakin nan kala uku ne, akwai iya magana, akwai kwarjini, akwai tsoratarwa, kuma wasan yana nuna maka lambarka. Tsafta da tufafi masu tsada suna ɗaga kwarjini, shi ya sa na ce ka yi wanka. Amma gaskiya, da laifin dukan dogari a kanka da sunan da ya riga ya zube, da wuya bakinka ya fisshe ka. Kada ka ɗora rai a kai. In kuma abin ya rikice suka zare makamai, alamar miƙa wuya tana fitowa a allo, danna ta nan take.

Tsakanin tara da kurkuku, ni a halin da kake ciki kurkuku zan zaɓa. Na san abin da ban mamaki. Tara tana rufe shari'a ne kawai. Zaman kaso kuwa, a wasannin da na buga, na lura yana sassauta fushin mutanen gari in suna ya yi ƙasa sosai, kamar dai sun ga ka biya bashin da ke kanka. Farashinsa shi ne za ka fito a raunane, ƙarfinka da kuzarinka su ragu na wani lokaci, gwargwadon daɗewarka a ciki. Wannan yana wucewa da kansa. Abin da ba ya wucewa shi ne aikin da lokacinsa ya ƙure kana tsare. Wasan nan ba ya jiran kowa: in an ce ka same su da asuba, asubar ake nufi, wasu ayyukan kuma suna ci gaba ko su lalace ba tare da kai ba. Don haka ka duba littafin ayyukanka kafin ka miƙa kanka. In akwai na gaggawa a wani garin, je ka gama shi tukuna. (Ga masu farawa da ke karanta wannan: kada ku bari a kulle ku a Skalitz a farkon labari. Mayaƙan Sarki Sigismund za su ƙone garin kuna ciki, wasan ya ƙare a nan.)

Bayan ka fito sai aikin gyara, kuma nan ne mutane ke gajiya, don ba a yin sa rana ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce ta ciniki. Duk sanda za ka saya ko ka sayar, ka shiga tayi, amma maimakon ka matse ɗan kasuwa, ka ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa, ko ka rage masa in kai ke sayarwa. Zai yi godiya, sunanka a wurinsa ya ɗan ɗaga. Ba sai kaya masu tsada ba. Ni da burodi da tuffa na yi ta yi a rumfunan kasuwar Rattay, kullum na ratsa sai na sayi wani abu na bar canji. Groshen, wato kuɗin wasan, kaɗan ne ke tafiya, amma in ya taru yana aiki, kuma ɗan kasuwar da ya yarda da kai yana sassauta farashi daga baya, kuɗinka su dawo ta wata ƙofar. Shi mai shagon da ka shiga wa ma haka za ka yi da shi. Ka je da rana, ka ba shi gyaran sulke, ka biya da ihsani.

Su dogarai ba canji ke sauko da su ba, aiki ne. In labarinka ya kai inda Kyaftin Bernard ke tura ka tarwatsa sansanonin 'yan fashi, ka riƙe wannan da hannu biyu. Kana kawo masa shaidar ka gama da su, yana biyanka, sunanka kuma yana gyaruwa. Robard na Talmberg ma yana ba da irin wannan aikin. Ga kuma ƙananan buƙatun mutanen gari, musamman 'yan gudun hijirar Skalitz da ke zube a Rattay suna bara. Mutanen garinku ne, sun san mahaifin Henry maƙeri. Ni wannan ɓangaren ya fi taɓa ni a wasan duka: yaron da ya rasa iyayensa, ya zo garin da ake yi wa mutanensa kallon kaya, sannan a ce shi ne aka kama a shagon mutane da dare. In ka bi shi a haka, gyaran sunan ya daina zama wahala, ya zama wani babi na labarin Henry naka, wanda babu mai irinsa.

A wannan tsakanin ka sa ran bincike. Muddin sunanka na ƙasa, dogarai za su riƙa tsayar da kai suna laluben jakarka, wani lokacin har da dogari Nightingale, wanda kuka yi sintirin gari tare. Ka bar su su duba. Ƙin yarda sabon laifi ne. Da dare kuma ka riƙe tocin wuta a hannu in kana cikin gari, don doka ce a wasan, kuma abin takaici ne mutum ya yi kwanaki yana gyara suna ya sake faɗawa hannu saboda yawo cikin duhu.

To kayan da ka ɓoye fa? Alamar jan hannun tana gushewa da kanta in an bar kaya ya kwana biyu. Na banza-banza suna saurin wankewa, masu tsada kamar sulke suna daɗewa. In kana gaggawar kuɗi, masu niƙa su ne dillalan kayan sata a wannan wasan: Peshek a Rattay, Woyzeck, da Simon ta wajen Sasau. Ba sa biya da daraja, da farko ma kuɗin hannunsu kaɗan ne, amma yana ƙaruwa in kana kawo musu kaya suna sayarwa. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka sa sulken da ka sata a Rattay ka yi ta yawo da shi a Rattay.

Ban ce ka bar sana'ar ba in ita kake son bugawa, wasa ne, kuma an gina wannan hanyar a cikinsa da gangan. Amma ka yi gaggawa. Shagon sulke kwaɗunansa na ƙwararru ne. Peshek yana koyar da buɗe kwaɗo da yankan aljihu, akwai akwatin gwaji a bayan gidan niƙansa, ka zauna a kansa har hannunka ya faɗa. In da abin riƙewa na PS4 kake bugawa, ka shiga saiti ka kunna sauƙaƙan buɗe kwaɗo da suka ƙara daga baya, don na asalin yana cinye ƙarafa ba gaira ba dalili, kuma karyewar ƙarfe tana da ƙara. Ka cire sulke da duk abin da ke ƙara kafin ka fita, ka sa baƙaƙen kaya masu laushi, ka duba lambobin ƙara da na ganuwa a shafin kaya. Wajen yankan aljihu ka fara da masu barci da mashaya, ka tsaya ta baya, kuma da zarar launin ya fara barin kore ka saki. Kwaɗayin daƙiƙa biyu ne ya kama ni a Ledetchko. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, a gem ɗin nan kuwa mai kaya ba ya jiran rana dubun.

Sai maganar ajiya, wadda ita ce asalin abin da ya sa ka cikin wannan damuwa. Awa huɗu ba ajiya ganganci ne, balle a wurinmu da za a iya ɗauke wuta kana tsakiyar faɗa. Wasan yana ajiyewa in ka yi barci a gadonka ko wanda ka kama haya, da wasu matakan labari, sannan akwai ajiyar fita da suka ƙara bayan 'yan wasa sun yi ta ƙorafi. Sauran sai da abin shan nan Saviour Schnapps, wanda yake da tsada a farkon wasa. Haɗa shi da kanka ya fi: ruwan inabi da ganyaye iri biyu, nettle ɗaya, belladonna biyu, a teburin haɗa magani na Rattay. In ka je Uzhitz magatakarda ya koya wa Henry karatu, littafin haɗin zai buɗe maka sosai. Ka riƙa sha ɗaya kafin duk wani aiki mai haɗari, amma kada ka jera su, don yana bugar da Henry. Da kana da ajiyar minti goma kafin shagon, da na ce maka koma kawai. Ta awa huɗu kam ba ta cancanta ba.

In ka kai ga kashi na biyu na wasan da ya fito a Fabrairun 2025, ka san hukuncin can ya fi zafi: akwai turken kunyatarwa a bainar jama'a, akwai bulala, akwai lalas da ƙarfe mai zafi wanda ke sa 'yan kasuwa su guje ka. Gara ka koyi tsayawa a kama ka tun a nan inda abin bai wuce tara da kaso ba.

Ka rubuto mana aikin da kake kai a babban labarin yanzu, da lambar da ka gani a gaban dogaran Rattay. In ka riga ka karɓi umarnin zuwa Neuhof, ka je can tukuna kafin ka miƙa kanka, don su Bernard ba za su tsaya jiranka ka fito daga kurkuku ba.