Filin Tambayoyinku: Girka Manhajar Rahoto ta Power BI Report Server a Kan Sabar Ofis

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da kwamfutocin wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano. Maigidanmu yana son rahoton cinikin kowace rana ya riƙa fitowa a burauza, amma bai yarda bayanan kamfani su hau intanet ba. Muna da SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft. Me zan girka, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun da SQL Server yana hannunku, kuma maigida ya ce kada bayanai su ƙetare katangar ofis, abin da ya dace da ku shi ne Power BI Report Server na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2017. Ƙane ne ga SQL Server Reporting Services. Duk rahoto mai shafi-shafi da yayan yake fitarwa shi ma yana fitarwa, sannan ya ƙara da rahoton Power BI mai zane-zane wanda ake latsawa a tace bayanai.

Girkawar kanta ba ta wuce 'yan mintoci. Ka sauko da fayil ɗin PowerBIReportServer.exe, ka buɗe shi da ikon mai kula da na'ura a kan Windows Server 2019 ko 2022. Zai ba ka zaɓi uku: Evaluation mai wa'adin kwana 180, Developer wanda kyauta ne amma don gwaji kawai aka halatta shi, ko ka shigar da lambar lasisi. Kada ka ɗora aikin kamfani a kan Evaluation da niyyar za a sayi lasisi daga baya, domin ranar da wa'adin ya cika manhajar za ta daina aiki, kuma galibi ba wanda yake tuna ranar. Microsoft ta ce RAM gigabait 1 ne mafi ƙaranci, 4 ne abin so. Wannan lissafin takarda ne. In rumbun bayanai da manhajar rahoto za su zauna a na'ura guda, mu ba ma ba da shawarar ƙasa da gigabait 16.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne bayan an gama girkawa. Fayiloli kawai aka zuba, ba abin da zai buɗe tukuna. Aikin gaske yana cikin Report Server Configuration Manager, kuma ga yadda muke son a bi shi.

Ka fara da Service Account, wato asusun da manhajar za ta riƙa aiki da sunansa. Tana zuwa da nata, NT SERVICE\PowerBIReportServer. In komai a na'ura ɗaya yake, wannan ya isa. In kuwa SQL Server yana wata na'ura daban, ka sa a buɗe mata asusu na musamman a domen ɗin ofis, wato tsarin da ke riƙe asusun ma'aikata da kwamfutocin ofis wuri ɗaya. Kada ka yi amfani da asusunka na kanka, don ranar da ka sauya kalmar sirri ko ka bar aiki, rahoton kamfani zai tsaya cak. Sannan duk lokacin da za ka sauya wannan asusu, daga cikin Configuration Manager za ka sauya shi, ba daga jerin sabis na Windows ba. Configuration Manager ɗin ne yake sake ba da izini a rumbun bayanai, ya kuma sake ɗaure makullin sirri da sabon asusun.

Daga nan ka shiga Database, ka zaɓi ƙirƙirar sabon rumbu. Zai gina guda biyu: ReportServer, inda rahotanni da izinin ma'aikata da jadawali suke zama, da ReportServerTempDB na ajiyar wucin gadi. Sai Web Service URL da Web Portal URL. Na farko zai ba ka adireshi mai ƙarewa da ReportServer, na biyu mai ƙarewa da Reports, duka a ƙofa ta 80, wato lambar mashigar sadarwa (port) da burauza ke bi zuwa sabar. Dole ka latsa Apply a kowanne ko da ba ka canza komai ba. Da yawa suna ganin an riga an cike guraben sai su wuce, alhali adireshin bai yi rajista ba.

Na ƙarshe, kafin ka tashi daga kujera, shiga Encryption Keys ka latsa Backup. Zai ba ka ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da snk, ka ɗaure shi da kalmar sirri, ka ajiye kwafinsa a wajen wannan na'ura. Amfaninsa yana cikin amsar tambaya ta ƙarshe. Kuma ka haɗa sabar da UPS mai iya kashe ta a tsanake in an ɗauke wuta, don rumbun bayanai ba ya son a katse shi yana tsakar rubutu.

Tambaya: Na gama duk saiti, shafin yana buɗewa a kan sabar, amma daga kwamfutar akantarmu ba ya buɗewa. Wani abokin aiki kuma nasa ya buɗe amma an ce masa ba shi da izini. Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malama, matsala biyu ce daban-daban. Ta farko katangar tsaro ta Windows ce. Manhajar ba ta buɗe wa kanta ƙofa, ke za ki shiga Windows Defender Firewall ki ƙara dokar shigowa ta TCP a ƙofa ta 80, ko ta 443 in kin ɗaura takardar shaidar tsaro domin HTTPS. In rumbun bayanai yana wata na'ura, can ma a buɗe 1433.

Ta biyu, wadda take zuwa da saƙon kuskure na rsAccessDenied, tana nufin mutumin ya iso bakin ƙofa amma ba a san shi ba. Da farko masu kula da sabar kaɗai ke da izini, su ma sai sun buɗe burauza da Run as administrator. Izini hawa biyu ne, kuma ba sa gadon juna. A Site settings ake ba da System User ko System Administrator. A kan babbar folda kuma, ta Manage folder, ake ba da Browser ga mai kallo kawai, Publisher ga mai ɗora rahoto, Content Manager ga mai iko da komai na foldar. Ko an naɗa mutum System Administrator, ba zai ga rahoto ko ɗaya ba sai an ba shi matsayi a folda. Ki ba da izini ga rukunonin domen, kamar rukunin akantoci, maimakon bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Sabon ma'aikaci ya zo, a jefa shi cikin rukuni, shi ke nan.

Tambaya: Rahotona yana aiki lafiya in na buɗe shi a kan sabar. Daga kowace kwamfuta dabam sai ya ce Login failed for user NT AUTHORITY\ANONYMOUS LOGON. Na duba kalmar sirri ya fi sau goma. Daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, bar kalmar sirri ta huta, ba laifinta ba ne. Na'ura uku ke cikin wannan magana: kwamfutar ma'aikaci, sabar rahoto, da sabar rumbun bayanai. Manhajar tana zuwa da tsarin tantancewa na NTLM, shi kuma tsalle ɗaya kawai yake iya yi. Ma'aikaci ya nuna shaidarsa ga sabar rahoto, ta karɓa, amma ba ta da ikon miƙa wannan shaida gaba. Sai ta isa wurin SQL Server hannu rabbana, shi kuma ya ce bai san baƙo ba. In kana zaune a kan sabar rahoton, tsalle ɗaya ne ya rage, shi ya sa yake aiki.

Hanya mai sauƙi ita ce ka buɗe saitin tushen bayanan rahoton, wato haɗin da yake bi ya ɗauko bayanai daga rumbu, ka zaɓi a yi amfani da asusun da aka adana, ka shigar da wani asusu wanda karatu kawai aka yarje masa a rumbun ciniki. Ga yawancin ofisoshi wannan muka fi so, kuma dama rahoton da ake son ya riƙa tafiya da kansa ta imel ba ya yiwuwa sai da asusun da aka adana, domin da asuba ba wanda yake zaune da za a ari shaidarsa. Aika rahoto bisa jadawali yana kuma buƙatar SQL Server Agent, mai gudanar da ayyuka bisa jadawali, ya kasance a kunne, kuma bugun Express na SQL Server ba shi da Agent sam.

Hanya ta biyu Kerberos ce, wani tsarin tantancewa mai iya miƙa shaida gaba, ana bin ta ne idan dole rumbun ya san wane ne yake tambaya, misali kowane manajan reshe ya ga cinikin reshensa kawai. A nan sai ka yi wa asusun sabis rajista da umarnin setspn -S, sau ɗaya da gajeren sunan sabar bayan HTTP/, sau ɗaya da cikakken sunanta. Shi ma SQL Server ya kasance yana da tasa rajistar ta MSSQLSvc. Sai a shiga Active Directory, inda ake sarrafa asusun domen, a ba asusun sabis izinin wakilci zuwa ga SQL Server, a buɗe fayil ɗin rsreportserver.config a sa RSWindowsNegotiate a saman RSWindowsNTLM, a sake kunna sabis. Ka kwafi fayil ɗin kafin ka taɓa shi, don alama ɗaya da ba a rufe ba tana hana manhajar tashi. In ka sa Negotiate ba tare da rajistar ta yi daidai ba, burauza zai tambayi kalmar sirri sau uku ya bar mutum da farin shafi.

Tambaya: Sunayen abokan cinikinmu masu ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa da alamar tambaya, haka ma alamar naira. Manhajar ba ta jin Hausa ne? Daga Katsina.

Amsa: Tana ji, Alhaji. Ka lura da kyau, alamar tambaya kake gani ko ɗan akwati? In alamar tambaya ce, tun a rumbu harafin ya lalace. Gurbin rumbu da aka gina da nau'in rubutu na varchar a kan tsarin haruffan Turai ta Yamma ba shi da mazaunin baƙaƙe masu lanƙwasa ko ₦. A mayar da gurbin nvarchar, nau'in da ke ɗaukar waɗannan haruffa, kuma duk inda aka rubuta suna kai tsaye cikin umarnin SQL a sa N kafin alamar zance, kamar N'Ɗanladi'. Abin da ya riga ya lalace ba ya dawowa da kansa, sai an sake shigar da shi daga asali. In kuwa a burauza daidai yake, a PDF ne kawai yake zama akwati, to salon rubutun da aka zaɓa babu shi a kan sabar, ko kuma ba shi da waɗannan haruffa. A kan sabar ake haɗa PDF, ba a kwamfutar mai zanen rahoto ba. A girka salon a can, a sake kunna na'urar.

Tambaya: Na gina rahoto da Power BI Desktop, sabar ta ƙi karɓar sa.

Amsa: Desktop iri biyu ne. Wanda aka saba saukewa ana sabunta shi kowane wata, sabar kuwa sau uku a shekara: Janairu, Mayu da Satumba. Ka girka wanda aka yi musamman domin Report Server, na watan da ya dace da sabarku, za ka ga watan da shekarar a saman tagarsa. Ana iya ajiye su biyun a kwamfuta ɗaya, sai dai a kula da wanda ya buɗe fayil.

Tambaya: Rahoton farko da safe yana jan ƙafa, da rana kuma wani lokaci komai ya yi nauyi. Mu ƙara RAM ne? Daga Maraɗi.

Amsa: Kada ku kashe kuɗi kafin ku auna. Jinkirin safe yawanci daga saitin RecycleTime ne, wanda ya zo a kan minti 720, wato kowace awa 12 manhajar tana sabunta kanta, kuma wanda ya fara shiga bayan nan shi ke jiran ta farka. Ana iya sa ɗan aiki a Task Scheduler ya buɗe adireshin kafin ma'aikata su iso.

Nauyin rana kuma, a cikin rumbun ReportServer akwai ExecutionLog3, mai riƙe tarihin rahotannin da aka buɗe na kwana 60. Ku duba gurabe uku, duka da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake lissafa su: TimeDataRetrieval, TimeProcessing da TimeRendering. In na farko ne ya kumbura, umarnin SQL ɗinku ne mai nauyi, RAM ɗin sabar rahoto ba zai magance shi ba. In na biyu ne, rahoton yana jawo layuka masu ɗimbin yawa yana tacewa da kansa, abin da ya kamata rumbu ya yi masa. Sannan in na'ura ɗaya suke, ku duba max server memory, wato iyakar RAM, na SQL Server. Yana zuwa da 2147483647, wato babu iyaka, zai cinye duk abin da ya samu ya bar maƙwabcinsa da yunwa. A na'ura mai gigabait 16, ku gwada tsayar da shi a gigabait 8.

Tambaya: Tsohuwar sabarmu ta mutu. Na dawo da rumbun ReportServer a sabuwa, rahotanni duk suna nan, amma ana cewa ba a iya warware makullin sirri ba, da saƙon kuskure na rsReportServerDisabled. Daga Sakkwato.

Amsa: Sannu da aiki, Malam, Allah ya kiyaye gaba. Kalmomin sirrin tushen bayanai da saitin haɗi duk a ɗaure suke a cikin rumbun, makullinsu kuma yana manne da tsohuwar na'ura da asusun sabis ɗinta. In kana da fayil ɗin snk da kalmar sirrinsa, shiga Encryption Keys ka latsa Restore. Bayan nan ka leƙa Scale-out Deployment, in sunan tsohuwar sabar yana nan ka cire shi, don kada manhajar ta ɗauka su biyu ne suke raba rumbu ɗaya.

In babu fayil ɗin, ba wata dabara da za ta buɗe abin da aka ɗaure. Abin da ya rage shi ne Delete a shafin Encryption Keys. Rahotanni da foldoji da izinin ma'aikata ba za su taɓu ba, amma duk asusun da aka adana zai goge. Sai ka bi tushen bayanai ɗaya-ɗaya ka sake shigar da adireshin haɗi da suna da kalmar sirri, ka buɗe kowane jadawalin aika rahoto ka sake adana shi. Ka fara da tushen da rahotanni da yawa suke rabawa, su ne za su dawo da mafi yawan aiki cikin gaggawa. Da ka gama, ka ɗauki sabon Backup na makullin a ranar, ka haɗa shi wuri ɗaya da kwafin rumbunan biyu da na rsreportserver.config.